Takedda: Garin Jan Ƙarfe da Ya Koma Kufai a Ƙasar Abzin

A shekarar 1353 matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Batuta, ya sauka a wani gari da ake kira Takedda, yana kan hanyarsa ta komawa gida bayan ya fito daga ƙasar Mali. Da ya zo ba da labarin garin, sai ya lissafa wuraren da ake kai jan ƙarfen da ake haƙowa a can: Barno, da wani wuri da ya kira Zagai, da kuma wani da ya rubuta Kubar. Galibin masana sun tafi a kan cewa Kubar ɗin nan Gobir ce, suna kuma ƙirga wannan ambato cikin mafi daɗewa da aka yi wa wata daular Hausa a rubutun Larabci. Wato dai sunan Gobir ya shiga takarda ne a jerin masu sayen jan ƙarfe. Amma yau ka shiga Sabon Birni ko Tsibiri ka tambayi ina Takedda take, da wuya ka sami mai nuna maka ko da shiyyar da take. Wannan yana damuna, domin labarin garin namu ne, kuma bai ƙare ba har yanzu.

Kufan Takedda yana nan a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, a wani wuri da ake kira Azelik, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da birnin Agadas, can arewa da Ingal. Fili ne shimfiɗaɗɗe na laka da ake kira Irhazer, inda ruwan da ya gangaro daga duwatsun Abzin yake malala da damina. Akwai idanun ruwa a yankin, kuma kalmar tegidda a bakin Abzinawa tana nufin kwarin da ruwa yake taruwa. Shi ya sa ake da wurare fiye da ɗaya masu wannan suna: Tegidda-n-Tesemt ta gishiri, Tegidda-n-Tagait ta goruba, Tegidda-n-Adrar ta dutse. Babban kufan kuwa Azelik wan Birni ake ce masa. Kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane kalmar ƙarshe.

An daɗe ana jayayya kafin a yarda cewa nan ne garin da Ibn Batuta ya sauka. Wani Bafaranshe mai binciken Sahara, Henri Lhote, ya kafe a kan cewa babu wani jan ƙarfen kirki a yankin, cewa matafiyin ya rikita labari ne, arzikin wurin gishiri ne. Ba a banza ya faɗi haka ba. Duk wanda ya je neman manyan ramukan haƙa irin na Katanga ta ƙasar Kwango ko Zambiya ba zai ga komai ba. Sai a shekarun 1970, da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka bi wurin ƙafa da ƙafa, suna haɗa abin da ke ƙasa da abin da dattawan Ingal suke faɗa, sannan gardama ta kwanta. Sun ga harsashin gidaje da masallatai, da maƙabartu masu faɗi, da fasassun kasaken narka ƙarfe, da kashin maƙera, da ɗigo-ɗigon jan ƙarfe a warwatse cikin turɓaya. Sun kuma ga abin da ya fi komai bayyana gaskiyar lamarin: ƙananan ramuka a jikin falalen duwatsu, kamar turame, inda ake daka dutsen da ke ɗauke da ƙarfen.

A nan ya kamata a dakata, domin duk fahimtar tarihin garin ta rataya ne a kan yadda ƙarfen yake a cikin ƙasa. Jan ƙarfen Azelik ba ya zuwa da jijiya mai kauri wadda za a bi ta cikin rami. Ƙwaya-ƙwaya ne na ƙarfe zalla, a maƙale cikin wani siririn jere na dutse da ke kusa da saman ƙasa. Sai an fasa dutsen, an kwaso, an daka shi ya zama gari, an sheƙe ko an tsince ƙwayoyin, sannan a zuba a kasko, a hura wuta da zugazugi har ya narke. Dutse mai yawa, ƙarfe ɗan kaɗan. Ga shi kuma kowace narka tana cin gawayi, a ƙasar da itace ba shi da yawa. Irin wannan ma'adini ba ya mayar da kowa attajiri sai da sharaɗi biyu: a sami hannuwa masu yawa da za su yi dakan ba tare da an biya su ba, a kuma sami kasuwa mai nisa inda ƙarfen yake da tsada. Takedda ta sami duka biyun, kuma a kansu ta tsaya.

Sana'ar ta girmi garin nesa ba kusa ba. Wani mai haƙar kayan tarihi, Danilo Grébénart, ya gano tsofaffin wuraren narka jan ƙarfe a Afunfun da kwarin Sekkiret da kewayen Azelik ɗin kanta. Da farko ya raba su zamani biyu, ya ce na farin ya kai shekara dubu biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin ya yi daɗi, ya kuma bazu. Amma a 1988 aka sake auna samfuran a ɗakin gwaji, shi ma yana cikin masu aikin, aka ga yawancin abubuwan da aka ɗauka murahun narka ne na wancan zamani na fari kututturan itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa suka gasa lakar da ke kewaye da su. Abin da ya tabbata shi ne zamani na biyu, wato cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Har yanzu ina ganin masu rubutu a intanet suna yayata tsohon adadin, wai don a ɗaukaka Afirka. Ba mu bukatar ƙari. Mutanen da suke narka ƙarfe suna ƙera kibiya da tsinke da munduwa shekaru fiye da dubu biyu da suka wuce, gaskiyar kaɗai ta ishe su ado.

Garin da Ibn Batuta ya tarar gari ne mai gidajen jan dutse. Ya ce ruwansa yana bi ta kan ma'adinin, har launinsa da ɗanɗanonsa sun sauya. Ba a noma sai 'yar alkama kaɗan da fatake da baƙi suke ci. Kunamu sun yi yawa, har suna kashe ƙananan yara. Mutanen garin ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar su sayo tufafi masu kyau, suna cikin wadata, suna kuma alfahari da yawan bayi. Mahaƙar tana bayan gari. A haƙo, a kawo cikin gari, a narka a cikin gidaje, kuma ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa bayi maza da mata ne suke wannan aiki. In ya narke sai a yi shi sanda-sanda, tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu sirara wasu masu kauri. Masu kaurin ɗari huɗu ake sayarwa a miskalin zinariya ɗaya, siraran kuwa ɗari shida ko ɗari bakwai. Su ne kuɗin garin. Da siraran ake sayen nama da itacen wuta, da masu kaurin ake sayen gero da man shanu da alkama da bayi.

Ka lura da jerin kayan nan. Gero, man shanu, itace, nama: duk abin da garin yake ci daga wani wuri yake zuwa. Geron nan ba Sahara ke ba da shi ba, daga kudu yake hawowa, daga ƙasashen da ruwan sama ke isar shuka. To ka ga ashe dangantakar Takedda da Gobir ba ta ado ba ce kawai. Ƙarfe ya gangara, tsaba ta hau. Ranar da ayarin kudu ya yi jinkiri, attajirin Takedda da duk zinariyarsa sai ya ji a tukunya.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne ake ganin inda riba take. Miskali bai wuce giram huɗu da 'yan kai na zinariya ba. In sanda ɗari huɗu ke tafiya a miskali ɗaya, to ko da kowace sanda siririya ce kamar waya, abin da ake bayarwa a bakin mahaƙa ya ninka nauyin zinariyar sau ɗaruruwa. Jan ƙarfe a Takedda araha ne. Amma wani marubucin Masar da Sham, al-Umari, wanda ya yi rubutu 'yan shekaru kafin tafiyar Ibn Batuta, ya ruwaito daga waɗanda suka zauna da Mansa Musa, sarkin Mali, a Alkahira cewa sarkin ya ce yana da mahaƙar jan ƙarfe a wani gari, babu abin da ke kawo masa haraji kamarta, kuma idan aka kai ƙarfen ƙasashen masu zinariya ana musayar nauyin miskali ɗari na jan ƙarfe da miskali sittin da shida da 'yan kai na zinariya. Masana da dama suna ganin Takedda yake nufi, ko da yake rubutun sunan garin ya sha bamban daga kwafi zuwa kwafi, kuma maganar sarki a gaban baƙi ba ta rasa ɗan gishiri. Ko an rage adadin ninki goma, ko ma ninki ɗari, tazarar da ke tsakanin farashin bakin rami da farashin ƙarshen hanya tana nan ƙatuwa. Wanda ya cinye wannan tazara shi ne mai raƙumi, da mai masauki, da mai karɓar kuɗin fito a kan hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kurar a nan mutum ce, kuma bai kamata a wuce wannan da sauri ba. Ibn Batuta da kansa ya ba da labarin yadda ya sayi wata baiwa mai ilimi a Takedda a kan miskali 25, mai ita ya yi nadama, aka warware cinikin. A farashin da shi ya faɗa, miskali 25 sanda mai kauri dubu goma ke nan. Kwana nawa wata mace za ta yi a durƙushe a gaban falalen dutse tana daka kafin a tara sanda dubu goma? Ƙarfen da ta daka shi ake kaiwa Barno a sayo wata irinta, domin matafiyin ya ce daga can ake kawo kuyangi da bābānni da tufafin rini. Da ya tashi barin garin, ranar 11 ga Sha'aban na shekarar 754 ta Hijira, wato cikin Satumba 1353, ayarin da ya bi zuwa Tuwat, a hamadar Aljeriya ta yau, yana ɗauke da bayi mata kimanin ɗari shida. Idan muna ba da labarin daulolinmu na da, mun fi son mu tsaya a kan masallatai da malamai da rawunan sarakuna. Duk gaskiya ne. Amma ramukan dakan nan da ke jikin duwatsun Azelik su ma tarihi ne, kuma su ne kaɗai abin da waɗancan mata suka bari. Babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Batun wanda ke mulkin garin ma yana da sarƙaƙiya. Taswirorin makaranta sukan ja iyakar Mali har ta haɗiye Takedda, suna dogaro da al-Umari da masanin tarihi Ibn Khaldun. Amma mutumin da ya taka ƙafarsa a wurin bai ambaci wani wakilin Mali ba. Sarkin da ya gani wani mutumin hamada ne, daga ƙabilun Abzinawa da danginsu, mai suna Izar, wanda ba ya ma zama a cikin gari: yana cikin bukkokinsa, tafiyar yini guda daga garin. Cikin gari kuwa alƙali ne da liman da shugaban baƙi 'yan Magrib suke tafiyar da al'amura, kuma mafi rinjayen manyan gari 'yan ƙabilar Masufa ne, waɗanda mutanen yankin suke tunawa da su yau da sunan Inusufa. A ganina wannan ya fi kama da gaskiyar irin waɗannan garuruwa na bakin hamada. Mai takobi yana daji yana tsaron hanya, mai alƙalami da mai ma'auni suna cikin gari, babban sarki na nesa kuma yana karɓar gaisuwa idan yana da ƙarfi, idan ya yi rauni a manta da shi.

Gobir ta wancan zamani ba inda muka san ta yau take ba. Tarihin baka na Gobirawa yana cewa sun zauna a ƙasar Abzin kafin su gangaro kudu, kuma masanin tarihin nan na Nijar, Djibo Hamani, ya yi dogon bayani a kan Hausawan da suka riga Abzinawa zama a yankin. Kudu maso yamma da Agadas, a gindin tsaunin Tigidit, akwai wani kufai da ake kira Marandet, wanda ake ganin shi ne Maranda da marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na tara a kan hanyar Gawo zuwa Masar. A can an tono ƙananan kasaken narka tagulla dubbai bisa dubbai, a jibge kamar juji. Abin sha'awa, gwajin da aka yi ya nuna cewa wani kaso na ƙarfen da aka sarrafa a can daga arewacin Afirka ya tsallako. Wato yankin bai tsaya ga haƙa kawai ba, wurin sarrafawa ne da rarrabawa: ƙarfen gida da na waje su haɗu, a narka, a zuba, a tura kudu.

Ina ya tafi bayan nan? A nan sai an yi hattara. A da an yi zaton tagullar Igbo-Ukwu, waɗancan kayan ƙira masu ban mamaki na kudu maso gabashin Najeriya, daga Takedda aka samo ƙarfensu. Gwaji ya nuna akasarinsa daga mahaƙun yankin Abakaliki ne, kusa da gida. Abin da ya fi kusa da mu shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda aka tono kaburburan manyan mutane na zamanin da ya yi daidai da na Takedda, aka same su da mundaye da ƙarau na jan ƙarfe da tagulla, har da tasar da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na arewa. Wannan ya nuna irin kasuwar da ke jiran ayarin arewa. Jan ƙarfe ba ya yin garma ko gatari mai kyau, ƙasar Hausa kuma tana da tamarta da maƙeranta na baƙi. Abin da ake nema a wurinsa martaba ce: munduwar matar sarki, adon doki, abin da za a binne babban mutum da shi. Rabuwar nan da muke da ita har gobe tsakanin maƙeran baƙi da maƙeran fari tana tuna mana cewa ƙarafa biyu ne masu aiki biyu, ɗaya na gona da yaƙi, ɗaya na ado da girma, kuma na biyun kusan kullum daga nesa yake zuwa.

Hanyar da ta kawo ƙarfe ita ta kawo littafi. Wajen ƙarshen ƙarni na goma sha biyar, da Shehu Muhammad bn Abdulkarim al-Magili ya baro Tuwat, a Takedda ya yada zango ya karantar kafin ya wuce Katsina da Kano, inda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa akwai al-Aƙib na Anu Samman, wani ƙauyen malamai kusa da Takedda, wanda ya kuma yi karatu wurin Suyuɗi a Masar. Akwai kuma Aida Ahmad, wanda ya haɗu da Magili a Takedda, daga baya ya zama alƙalin Katsina, ya rasu wajen 1529. Duk mai alfahari da zuwan Magili Kano ya sani cewa ta ƙofar garin masu daka dutse ya shigo.

Sai dai lokacin da Magili yake karantarwa, rana ta riga ta karkata ga garin. Ba abu ɗaya ya kashe Takedda ba. Ƙarfen da ke kusa da sama, wanda ake iya ɓamɓarowa da hannu, ya yi ta raguwa, itacen gawayi yana ƙara nisa. Tun ƙarshen ƙarni na goma sha biyar kuma jiragen ruwan Fotugal suka fara sauke mundayen tagulla a gaɓar teku da yawan da raƙumi ba zai iya gasa da shi ba, sai kasuwannin can kudu suka sami wata ƙofa. Amma babban dalili a ganina siyasa ce. A farkon ƙarni na goma sha biyar, wajen 1405, ƙabilun Abzinawa suka naɗa sarkin da zai raba musu gardama, daga baya fadarsa ta zauna a Agadas. Sabon birnin yana da duk abin da fatake ke so: sarki a cikin gari, tsaro, da matsayi a kan hanyar da ta haɗa Gat da Gadamas da Katsina da Kano. Garuruwa biyu ba za su ci hanya ɗaya ba. Dattawan Ingal suna ruwaito cewa yaƙi ya ɓarke tsakanin Inusufa na Azelik da Sarkin Agadas, aka ci garin aka rushe shi, wasu ruwayoyin ma suna cewa yara biyu kacal suka tsira. Ko yaya adadin yake, a cikin ƙarni na goma sha shida Azelik ta zama kufai. Da ƙarfen ne kaɗai ya riƙe garin, da wanda ya ci shi da yaƙi ya ci gaba da haƙa. Bai yi ba, domin abin da yake so hanya ce, kuma ya samu.

Waɗanda suka tsira ba su yi nisa ba. Kimanin kilomita 20 daga kufan akwai idanun ruwa masu zartsi, a nan suka kafa Tegidda-n-Tesemt, wasu kuma suka zauna a Ingal suka dasa dabino. Zuriyarsu su ne Isawaghen, masu magana da Tasawak, harshen da gindinsa na Songhai ne amma ya cika da kalmomin Abzinanci. Sana'ar da suka koma ta gishiri ce: a kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi a manyan kwaruruka, a bari ya kwanta, a ɗebi ruwan a zuba a ɗaruruwan ƙananan gurabe da aka shafe da laka, rana ta shanye, a kwashe gishirin a cura shi. Yawancinsa na dabbobi ne, ana kai shi kasuwannin Adar da sauran ƙasar Hausa, a dawo da gero. Tsohon cinikin nan dai na kudu da arewa, haja ce kawai ta sauya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Mai yiwuwa gishirin Bilma marubucin ya fi nufi, amma lokacin ya yi daidai da juyin da ake yi a Abzin, inda gishiri yake karɓe matsayin jan ƙarfe a bayan raƙumi.

Jan ƙarfen bai bar wurin haka nan ba, ya sake jawo wani abu. A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suka zo Azelik suna neman jan ƙarfe, sai suka ci karo da yuraniyam, ma'adinin da ake makamashin nukiliya da shi. Nan ne aka fara gano shi a Nijar. Ba abin mamaki ba ne ga masu ilimin duwatsu, domin jeren dutsen yashin da ke yammacin Abzin yakan ɗauki ƙarafan biyu tare. Bincike ya ci gaba zuwa arewa, aka sami wuraren da suka fi arziki, aka buɗe mahaƙar Arlit a 1971, ta Akuta a 1978. Har aikin haƙar kayan tarihi mafi girma da aka yi a yankin Ingal da Tegidda, daga 1977 zuwa 1981, na gaggawa ne, an yi shi ne don a ceci abin da za a iya ceta kafin motocin masu neman yuraniyam su tattake. Yawancin abin da muka sani game da Takedda a ƙasa, ta wannan dalili muka san shi.

Azelik kanta sai a 2007 aka waiwaye ta, da aka kafa kamfanin SOMINA, inda kamfanin nukiliya na gwamnatin ƙasar Sin yake da kashi 37 da ɗoriya cikin ɗari, gwamnatin Nijar kashi 33. Shekarar ce kuma tawayen ƙungiyar MNJ, wadda akasarinta Abzinawa ne, ya ɓarke a arewa, kuma rabon arzikin yuraniyam yana cikin manyan koke-koken 'yan tawayen. An tsara mahaƙar za ta riƙa ba da tan 700 a shekara. Ta fara aiki wajen 2011, daidai lokacin da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan ya karya farashin yuraniyam a duniya, ba ta taɓa kaiwa adadin da aka tsara ba, zuwa 2015 an dakatar da aiki saboda ƙarancin kuɗi. A tsawon waɗannan 'yan shekaru ma'aikata sun koka da yanayin aiki, makiyaya da ƙungiyoyin farar hula sun koka da batun ruwa da lafiyar dabbobi. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sake buɗewa, wata guda bayan haka sojoji suka kifar da gwamnatin da ta sa hannun.

Ba na cewa ma'aikacin da ake biya albashi daidai yake da baiwar da ke daka dutse. Wannan zai zama cin fuska ga su duka biyun. Abin da bai sauya ba shi ne inda ake yanke farashi. A zamanin Izar, darajar sandar jan ƙarfe tana hannun masu zinariya da masu ayari. A zamaninmu, girgizar ƙasa da ambaliyar teku a Japan ta isa ta rufe mahaƙa a Azelik. Har ma abin ya fi na da tsanani ta wata fuska, domin mutumin Takedda yana iya shiga kasuwa da siririyar sandarsa ya sayi nama, matarsa ta sa munduwa daga ƙarfen garinsu. Yuraniyam kuwa babu abin da ɗan Ingal zai yi da shi. A cikin ganga ake rufe shi a fita da shi, ya haska biranen wasu, alhali Nijar kafin 2023 daga Najeriya take sayen mafi yawan wutar lantarkinta.

Gishirin Tegidda ba ya cikin lissafin kamfanoni, ba ya kawo wa baitulmali abin a zo a gani, masu yin sa kuma ba attajirai ba ne, wahalarsa a rana ba kaɗan ba ce. Amma shi ne ya ciyar da zuriya bayan zuriya kusan shekara ɗari biyar, domin masu yin sa su ke da guraben, masu sayensa maƙwabtansu ne, kuma saniya ba ta daina bukatar gishiri. Shi da idanun ruwan Irhazer ne suke tara Abzinawa da Fulani Wodaabe da garkunansu a ƙarshen kowace damina, abin da ya zama bikin lasar gishiri na Ingal a watan Satumba. Saboda haka duk wanda zai sa hannu a kan wata sabuwar takardar haƙa a Azelik, tambayar da nake so a fara yi masa ita ce ta ruwa: daga wace rijiya za a ja, lita nawa a yini, ina za a zubar da wanda aka wanke dutse da shi, kuma wa zai riƙa auna idanun ruwan Tegidda kowace shekara ya karanta wa masu gurabe da makiyaya sakamakon da harshen da suke ji. Sannan a kewaye kufan Azelik wan Birni, da masallatansa da maƙabartunsa da falalen duwatsun nan masu ramukan daka, kafin a kunna mota ko ɗaya.